Sharhi: Faɗan Saniya Lokacin Haihuwa, Kishin Ɗa Ne, Ciwo Ne, Ko Mugun Hali?

Duk wanda ya san kiwo ya san cewa saniyar da aka tatsa shekara guda ba tare da dabaibayi ba tana iya zama abin tsoro da zarar ta sauke ɗanta. Makiyayin da ta saba da muryarsa tun tana maraƙa sai ta sunkuyar masa da kai, ta yi tono da ƙafa, wani lokaci ma ta biyo shi da gudu. Mutane sun rabu wajen fassara wannan sauyi. Wasu na ɗaukarsa alamar uwa ta gari, har suna yabon saniyar a kansa. Wasu na cewa taurin kai ne, maganinsa sanda. Wasu kuma na danganta shi da iska ko baki. Maganar ta ƙara nauyi yanzu da kiwon shanu ya shigo bayan gari har da cikin gidaje, a hannun ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan fansho waɗanda ba su taso a ruga ba. Abin da wannan sharhi zai nuna shi ne cewa abubuwa uku mabambanta ake haɗawa a kira su da suna ɗaya, kowanne da yadda ake bi da shi, kuma yawancin raunukan da ake ji suna faruwa ne saboda rashin rarrabe su.

Ma'anar kalmomi

Idan aka ce lokacin haihuwa a nan, ana nufin daga 'yan kwanakin da suka rage saniya ta haihu zuwa mako ɗaya ko biyu bayan ta sauka. Faɗa kuwa ya haɗa da tunkuyi da ƙaho ko da goshi, harbi da ƙafa, bankewa, matse mutum da bango, da tattake wanda ya faɗi. Faɗan nan kashi uku ne, kashi na farko shi ne kishin ɗa: saniya ta tsaya tsakanin maraƙinta da duk abin da ya matso, ta yi gargaɗi, amma idan aka ja da baya sai ta koma lasar ɗanta, kuma abin yana raguwa kullum har ya wuce. Kashi na biyu faɗan ciwo ko tsoro ne, inda wani zafi a jiki ko cuta mai taɓa ƙwaƙwalwa ko firgici ke sa dabbar ta fita hayyacinta. Kashi na uku shi ne mugun hali, wato saniyar da kan bar ɗanta a baya ta tafi neman mutum ko da bai kusance ta ba, kuma takan maimaita haka a kowace haihuwa. Akwai kalmomi biyu da za su riƙa dawowa. Homon kalmar aro ce, tana nufin sinadaran da jiki ke saki cikin jini don su ba gaɓoɓi umarni. Dakashi kuwa shi ne nonon farko mai kauri da launin rawaya, wanda ke ɗauke da garkuwar da maraƙi zai fara rayuwa da ita.

Abin da ke faruwa a jikin saniya

Saniya na ɗaukar ciki na kimanin kwana 280 zuwa 290. Da haihuwa ta ƙarato, homon mai riƙe ciki, wato furojestaron, yakan sauka, istirojin ya hau, sannan lokacin naƙuda oksitosin ya kwararo. Wannan na ƙarshe shi ke matsa mahaifa ta turo ɗa, shi ke sakin nono, kuma yana da hannu wajen ƙulla shaƙuwar uwa da ɗanta. Saboda haka ne saniya mai shirin haihuwa kan ware kanta daga garke, ta nemi wurin da ba kowa. Da maraƙi ya faɗo sai ta hau lasarsa, kuma cikin awannin farko take haddace ƙamshinsa da kukansa. A wannan ɗan lokaci duk hankalinta yana kan abu guda, kuma duk mai motsi kusa da shi abin tuhuma ne a wurinta. Kakannin shanu sun rayu ne a dajin da kura da zaki da kyarkeci ke farautar jarirai, wadda ba ta tsare ɗanta ba zuriyarta ba ta ɗore ba. Don haka kishin ɗa halitta ce, kuma ya fi tsanani a kwana biyu ko uku na farko.

Yadda saniya ke gani ma yana ƙara wa lamarin haɗari. Idanunta na gefen kai ne, tana hango kusan digiri 330 daga cikin 360 na kewayenta, amma ba ta ganin abin da ke bayanta daidai wutsiya, kuma ba ta iya auna nisan abu da kyau. Wanda ya ɓullo mata ta baya shiru, ko ya durƙusa a kan maraƙi har siffarsa ta koma ta dabba mai ƙafa huɗu, ya sa kansa a matsayin maƙiyi. Farfesa Temple Grandin ta Jami'ar Jihar Kolorado a Amurka, wadda ta yi suna wajen nazarin halayyar shanu, ta daɗe tana bayanin cewa kowace dabba tana da tazarar da idan mutum ya ƙetare ta za ta ja da baya, kuma saniyar da ta firgita tana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin zuciyarta ta kwanta. Bambancin mai jego shi ne, ba za ta ja da baya ta bar ɗanta ba. Idan aka shigo tazararta, gaba kawai ya rage mata.

Girman haɗarin

Ana yawan tsoron bijimi a raina saniya, amma alƙaluman ƙasashen da ke rubuta irin waɗannan haɗurra ba su goyi bayan wannan rainin ba. A Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ruwaito cewa daga 2003 zuwa 2007 mutum 108 sun mutu a ayyukan gona ta dalilin shanu, kuma da aka bincika wasu daga cikin mace-macen a jihohi huɗu sai aka ga bugu a kai da ƙirji ne ya fi kashe mutane. A ƙasar Ailan, hukumomin kula da lafiyar manoma suna gargaɗi duk shekara cewa shanu masu sabuwar haihuwa suna cikin manyan masu kisa a gonaki, kuma tsofaffin manoma ne abin ya fi rutsawa da su. A Birtaniya, inda hanyoyin ƙafa ke ratsa makiyaya, masu yawo da karnuka ne kan gamu da shanu masu 'ya'ya. Shanun waɗancan ƙasashe sun fi namu jiki, wasu kan kai kilo 600 ko fiye, amma saniyar Bunaji mai kilo 300 ma ta ninka nauyin babban mutum sau huɗu, ga ƙaho kuma wanda na Rahaji ke da tsawo ƙwarai. A gidajenmu kuwa sau da yawa mata da yara ne ke tatsa da kula da maruƙa, su ne kuma suka fi kusa da haɗarin.

Daga ina faɗan ke zuwa

Gado yana da hannu. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma masu nazarin irin shanu sun tabbatar da cewa sanyin hali ko zafinsa yana bin jini gwargwado, daga uwa da kuma daga bijimin da ya yi barbara. Shi ya sa ƙungiyoyin masu kiwon shanun nama a Amurka ke auna halin dabba da maki 1 zuwa 6, daga mai sanyi zuwa mai neman mutum, kuma masu jinsin Angus da Limousin suna wallafa darajar bijimai ta fuskar halin 'ya'yansu don mai saye ya duba. Sai dai akwai abin lura a nan. Wani bincike da aka yi a Sikotland, aka wallafa a 2013, ya gano cewa halin da saniya ke nunawa kafin haihuwa da irin tsaron da take ba ɗanta bayan haihuwa abubuwa biyu ne da ba lallai su tafi tare ba. Ma'ana, sanyin halin saniya a ranakun da ba ta da jego ba tabbaci ba ne cewa za ta ƙyale mutum ranar da ta haihu. Wannan shi ne dalilin da ya sa da yawa daga waɗanda ake ji wa rauni suke cewa ba su taɓa ganin haka daga gare ta ba.

Sabo da mutane shi ne dalili na biyu, kuma a nan makiyayanmu suna da abin koyarwa. Shanu masu tozo irin su Bunaji da Rahaji da Bokoloji an san su da saurin firgita idan sun tashi ba hannun mutum a jikinsu, amma idan aka rene su kusa sukan zama masu biyayya ƙwarai. A 1979 wasu masana biyu daga Amurka, Dale Lott da Benjamin Hart, sun wallafa nazarin da suka yi kan Fulani makiyaya a Nijeriya, inda suka nuna cewa makiyayi na riƙe garke ne da abu biyu a haɗe: ba ya barin dabba ta yi masa barazana ya ƙyale, kuma yana yawan shafa da sosa shanunsa tun suna ƙanana. Ga kuma tsarin dangwali, inda ake ɗaure maruƙa a igiya guda kusa da gida, a sake su wurin uwa safe da yamma lokacin tatsa. Saniyar da ta taso a haka ta saba ganin hannun mutum a jikin ɗanta. Matsalar ta fi fitowa ne a inda aka sayo karsana mai ciki daga kasuwa, aka kawo ta baƙon wuri, aka ɗaure ta a turke cikin hayaniyar gida, ga yara ga kare, sannan ta yi haihuwar fari a gaban mutanen da ba ta sani ba.

Dalili na uku shi ne ciwo, kuma shi aka fi mantawa da shi. Doguwar naƙuda, yagewa wajen haihuwa, mabiyiyar da ta ƙi faɗowa, da kumburin hantsa duk suna sa saniya ta harbi mai tatsa har ma ta ture ɗanta. Ƙarancin sinadarin kalsiyam a jini, wanda ya fi kama shanu masu yawan nono kamar Firisiyan da 'ya'yansu na haɗi, yakan fara da rawar jiki da rashin natsuwa kafin dabbar ta kwanta ta kasa tashi. Ƙarancin maganisiyam, wanda kan zo da cin ɗanyar ciyawa sabuwar tsirowa, yakan sa zabura da faɗa da farfaɗiya. Akwai cutar kaska mai taɓa ƙwaƙwalwa, akwai gubar dalma daga lasar tsohon batir, akwai kuma haukan kare, wanda ke kama shanu idan mahaukacin kare ya cije su. Saniyar da ke dalalar da yawu, tana wani irin kuka ba ƙaƙƙautawa, tana kai wa komai hari, bai kamata kowa ya sa hannu a bakinta da sunan ciro abin da ya maƙale ba, domin ta yawun ake ɗaukar cutar. Alamar da ke raba ciwo da kishin ɗa a sarari take: mai kishi tana ci, tana sha, tana shayarwa, faɗanta yana da dalili da iyaka, mai ciwo kuwa faɗanta na zuwa tare da ƙin abinci ko tangaɗi ko zazzaɓi.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

Ra'ayi na farko na cewa saniya mai faɗa ita ce uwa ta gari, don haka a bar ta da halinta. Masu wannan magana suna da hujja, domin a dajin da kura da dila ke yawo, uwar da ba ta kula da ɗanta asara ce. Amma hujjar ta tsaya ne a kan kula da ɗa, ba ta kai ga farmakin mutum ba. Binciken da aka yi a Jamus kan shanun Angus da Simmental, aka wallafa a 2008, bai ga cewa 'ya'yan iyaye masu zafin tsaro sun fi sauran girma ba. Abin da ke raya maraƙi shi ne uwa ta lashe shi da wuri, ta tsaya ya sha dakashi, ta kasance da isasshen nono. Garken ruga shaida ne cewa saniya na iya korar kare ta kuma ƙyale makiyayinta ya ɗauki ɗanta. Hasali ma mai yawan faɗa kan jawo wa ɗanta illa, domin cikin zabura takan taka shi, kuma idan ya kasa kama nono ko cibiyarsa ta kumbura ba mai iya zuwa ya taimake shi.

Ra'ayi na biyu na cewa a yi mata dukan da ba za ta sake ba. Gaskiya ne cewa dabbar da ta ga mutum na gudunta kullum za ta raina shi, kuma sanda a hannu tana da amfani wajen tsayar da saniyar da ta matso. Amma tsawatarwa daban, jibga daban. Saniya mai jego ta riga ta ɗauka cewa akwai barazana, duka kuwa sai ya gaskata mata zatonta. Shanu suna gane mutane ɗaiɗai kuma ba sa saurin manta wanda ya cutar da su, saboda haka haihuwa ta gaba za ta fi wannan muni. Ban da haka, tsoro na sakin homon da ke hana oksitosin aiki, nono ya ƙi sauka, maraƙi ya kwana da yunwa, mai tatsa ta koma da ƙwarya ba komai. Ladabin da makiyayi ke koya wa shanunsa aikin shekaru ne, ba a fara shi ranar haihuwa.

Ra'ayi na uku ya dogara da allura da yanke ƙaho. Akwai allurar kwantar da dabba, wadda aka fi sani da zailazin, amma shanu ba sa jure ta da yawa, kuma tana iya matsa mahaifar mai tsohon ciki ta haihu kafin lokaci. Likitan dabbobi ne ya kamata ya yanke shawarar amfani da ita, don wani aiki takamaimai, kuma da ta sake ta halin na nan yadda yake. Cire ƙaho yana rage raunin suka, kuma ya fi sauƙi idan an ƙone tushensa tun maraƙi bai wuce wata biyu ba, da allurar kashe zafi. A ruga ƙaho ado ne kuma makamin kariya ne, ba kowa zai yarda ya rabu da shi ba, a gonar da shanu ke tsare kuwa cire shi yana da ma'ana. Duk da haka, tunda bugu da tattakewa ne suka fi kisa, saniya marar ƙaho ma tana iya halaka mutum. Masu danganta abin da iska ko baki kuma, ba wanda zai hana su addu'a, amma kada hakan ya jinkirta kiran malamin dabbobi, domin wasu cututtukan da aka lissafa suna kisa cikin awanni kaɗan.

Matakan da suka dace

Aikin yana farawa tun kafin naƙuda. A kai saniya wurin da za ta haihu da sauran kwanaki don ta saba da shi, wuri mai tsabta da inuwa da sarari, nesa da hanyar yara. Karsana mai cikin fari a riƙa zuwa wurinta kullum, ana ba ta dusa da hannu, ana shafa wuyanta da hantsarta, kuma wanda zai kula da ita ranar haihuwa shi ya kamata ya yi wannan. A gyara wurin yadda mutum zai sami mafita: ƙofa ta biyu, ko tazara tsakanin dirkoki wadda mutum zai iya kutsawa saniya ta kasa. A tanadi turke mai ƙarfi ko shingen da zai raba uwa da ɗa idan buƙata ta taso. Manyan gonaki suna da ƙofar ƙarfe mai kama wuya, amma itace da igiya mai kyau ma suna biyan buƙata idan an kafa su tun da wuri.

Idan naƙuda ta fara, kallo daga nesa ya fi yawan leƙe. Matakin farko na naƙuda kan ɗauki awa 2 zuwa 6, fitowar ɗa kuma rabin awa zuwa awa 2, karsana ta fi daɗewa. Idan ta kai awa guda tana yunƙuri mai ƙarfi ba wani ci gaba, a nemi wanda ya iya, kuma a ɗaure kanta kafin a taɓa ta. Mai taimako ya sa safar hannu ko leda, saboda cutar bakkale na kama mutum ta ruwan haihuwa da mabiyiya. Bayan ɗa ya sauka a bar uwa ta lashe shi. Abin da ya wajaba a tabbatar shi ne ya sha dakashi cikin awa 6 na farko, domin hanjinsa na daina karɓar garkuwar da ke ciki bayan kimanin awa 24. Idan za a wanke cibiya da aidin ko a sa alamar kunne, a fara tsare uwar, ko a jawo ɗan bayan shinge. Kukan maraƙi shi ke tayar da uwa, wani lokaci har da sauran garken. Ƙa'idojin nan kuwa ba a sassauta su ga kowace saniya, komai sanyinta: kada a shiga tsakaninta da ɗanta, kada a juya mata baya, kada a je mata mutum ɗaya ba wanda ya sani, kada a je da kare, kada a aiki yaro ko tsoho ko mai ciki. A zo mata ta gefe wajen kafaɗa, ana magana a hankali.

Saniya ba kasafai take kai hari ba gargaɗi ba. Takan kafe mutum da ido, ta sunkuyar da kai ko ta riƙa kaɗa shi, ta yi huci, ta tona ƙasa, ta yi wani gurnani mai kauri. Wanda ya ga haka ya ja da baya a hankali yana fuskantarta, ya nufi bishiya ko shinge, in yana riƙe da ɗan ya sake shi. Wanda ta kayar ya dunƙule ya kare kansa da ƙirjinsa, ya mirgina zuwa mafaka idan da hali. Duk wanda saniya ta banka a ciki ko ƙirji ya je asibiti ko da ba a ga jini ba, domin karayar haƙarƙari da zubar jini ta ciki ba sa bayyana nan take, raunin ƙaho kuma ya fi yadda ake ganinsa zurfi, yana buƙatar wanki da allurar tetanas. Akwai kuma uwar da kan juya faɗan a kan ɗanta, musamman karsanar da ta sha wuyar haihuwa. Irin wannan a ɗaure ta, a sa mata dabaibayi, a taimaki ɗan ya sha sau da yawa a yini, a barbaɗa masa ɗan gishiri ko dusa a baya don ta lasa, a ajiye shi inda take ganinsa ba ta iya taɓa shi. Yawancinsu sukan karɓi ɗan cikin 'yan kwanaki.

Hukuncin wadda ta ƙi gyaruwa

Nan ne maganar ta fi wuya. A kiwon gargajiya karsana kan kai shekara 4 zuwa 5 kafin haihuwar fari, kuma tazarar haihuwa kan kai kusan shekara 2, don haka ce wa mai shanu biyu ya sayar da ɗaya ba ƙaramar magana ba ce. Saboda wannan ne ya kamata hukunci ya bi mataki, kuma ya dogara da abin da aka rubuta ko aka riƙe a kai game da kowace saniya a kowace haihuwa. Wadda ta yi gargaɗi kwana biyu ta huce, a riƙe ta, a kiyaye. Wadda ciwo ya sa ta faɗa, a yi mata magani a ba ta wata dama. Karsanar da ta firgita a haihuwar fari ma ana iya yi mata uzuri sau ɗaya. Amma wadda ta bar ɗanta ta bi mutum, ko ta kayar da wani, ko ta maimaita a haihuwa ta biyu, to a kanta ne maganar hali zanen dutse ta tabbata. A yaye ɗanta, a yi mata kiwon ƙiba, a sayar wa mahauta, kuma kada a bar 'yarta ta zama uwar garke ko ɗanta ya zama bijimin barbara. Kuɗin da aka samu zai sayi wata karsana. Jinyar wanda aka karya wa ƙugu kuwa tana iya cinye kuɗin saniyar gaba ɗaya, rai kuma ba shi da madadi.

Sayar da irin wannan saniya ga mai neman ta kiwo ba tare da an faɗa masa halinta ba, mayar da haɗarin ne gidan wani. Shari'ar Musulunci ta hana ɓoye aibin abin sayarwa, kuma malaman fiƙihu sun yi bayanin cewa wanda ya ci gaba da riƙe dabbar da aka san tana cutarwa bayan an gargaɗe shi yana iya ɗaukar alhakin ɓarnarta. Dillalai a kara su ma suna da rabonsu na wannan amana. Mai saye kuma ya tambayi halin saniya da na uwarta kamar yadda yake tambayar yawan nononta.

Abin da zai biyo baya

Kiwon shanu a Nijeriya yana karkata zuwa tsarewa a wuri guda da haɗa jinsi don ƙarin nono, aikin da cibiyar binciken kiwo ta Shika a Zariya ta daɗe tana yi, kuma a 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta musamman. Wannan sauyi na nufin shanu masu girman jiki a wurare masu ƙunci, a hannun ma'aikatan haya da ke sauyawa lokaci zuwa lokaci, wato yanayin da ke ƙara yawan haɗurran haihuwa idan ba a shirya ba. Gonar da ta riƙa tace shanunta ta fuskar hali, ta horar da ma'aikatanta, ta gina wurin haihuwa mai mafita, za ta ga garkenta na ƙara sanyi daga zuriya zuwa zuriya, tatsa ta yi sauƙi, maruƙa su rayu. Wadda ta yi sakaci kuwa za ta tara jinin faɗa a garkenta da hannunta.

Saboda haka, kira ga masu shanu shi ne su ɗauki kowace saniya mai sabuwar haihuwa a matsayin mai iya yin rauni, su ba ta sarari, su duba lafiyarta kafin su yanke mata hukunci, su kuma fitar da mai mugun hali daga garke komai yawan nononta. Malaman dabbobi da jami'an wayar da kan manoma su sa wannan batu cikin abin da suke koyarwa, musamman ga sababbin shiga kiwo da matan da ke tatsa. Masu gida kuma su hana yara zuwa kusa da saniyar da ta haihu har sai ta yi aƙalla mako guda kuma babba ya tabbatar ta huce.